Wainar Ƙwai da Cuku da Attaruhu: Darasin Furotin a Cikin Kasko

A duk lokacin da muka haɗu da malaman kimiyya na makarantun sakandare, kukan da ya fi yawa a bakinsu shi ne na rashin kayan gwaji. Kukan gaskiya ne, ba na kuwa raina shi. Amma akwai wani babi a darasin ilimin halittu, wato babin furotin, wanda ɗalibai da yawa ke haddacewa su zuba a takardar jarrabawa ba tare da sun taɓa ganin abin da ake magana a kai ba, alhali kuwa kowace safiya suna wucewa ta gaban teburin mai shayi, inda ake gudanar da gwajin nan sau hamsin kafin hantsi. Mai shayi ya fasa ƙwai a kofi, ya yanka albasa da attaruhu, ya kaɗa, ya juye a mai. Cikin minti biyu abin da yake ruwa mai yauƙi ya zama abin da za a iya yankawa da wuƙa. Me ya faru?

A wannan maƙala za mu soya wainar ƙwai mai cuku da yaji, irin wadda kowa zai iya yi a gida. Na zaɓe ta ne domin manyan kayan haɗinta guda uku, wato ƙwai da cuku da attaruhu, kowannensu yana nuna mana wata fuska ta furotin dabam.

Abin da ke cikin ɓawo

Ƙwan kazar gidan gona matsakaici yana da nauyin gram 55 zuwa 60, kuma yana ɗauke da furotin kimanin gram 6. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, saura kuwa galibi furotin. Gwaiduwa rabinta ruwa ce, wajen sulusinta mai, sauran furotin. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce: yaya abin da ruwa ya fi yawa a cikinsa zai daskare idan ya ji wuta? Ai man shanu narkewa yake yi a wuta, ƙanƙara ma haka. Ƙwai kuwa akasin haka yake yi.

Amsar tana cikin siffar furotin. Mu ɗauki furotin a matsayin dogon carbi. Kowane ɗan carbi shi ne abin da masana ke kira amino asid, kuma iri 20 ne ake jerawa a gina dukkan furotin ɗin da ke jikin kaza da na mutum da na bishiyar kuka. Furotin mafi yawa a farin ƙwai, mai suna obalbumin, ya haura rabin dukkan furotin ɗin da ke wurin, kuma carbinsa yana da 'ya'ya 385. To, wannan carbi ba a miƙe yake zaune ba. A naɗe yake, ya dunƙule wuri ɗaya kamar curin zare, kuma naɗin nan yana da tsari, ba na gaba gaɗi ba ne. Sassan da ke jituwa da ruwa suna waje, sassan da ke gudun ruwa an cusa su can ciki. Bugu da ƙari, kowane curi yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na maƙwabcinsa, don haka suna tunkuɗe juna. Shi ya sa ɗanyen farin ƙwai yake gudana, haske kuma yake ratsa shi.

Zafi ba wani abu ba ne illa motsin ƙwayoyin zarra. Da wuta ta kama kasko sai ƙwayoyin ruwa su riƙa kai gwauro suna kai mari, suna bugun curin furotin, har raunanan ɗaurin da ke riƙe da naɗin su tsinke. Curi ya warware. A lura, carbin kansa bai tsinke ba, 'ya'yansa suna nan a jere yadda suke. Naɗin ne kawai ya kwance. Wannan wuri ne da nake yawan ganin kuskure a takardun ɗalibai, masu rubuta cewa zafi yana "kashe" furotin ko yana "ƙone" shi. Da carbi ya warware, sassan nan masu gudun ruwa da aka ɓoye sun fito fili, sai su nemi irinsu a jikin carbin maƙwabci su manne. Dubban miliyoyin zaruruwa su saƙu da juna su zama raga, ruwan kuma ya maƙale a cikin idanun ragar. Wannan raga mai riƙe da ruwa ita ce soyayyen ƙwai. Ta yi fari ne domin yanzu haske ba ya iya wucewa, tarwatsewa yake yi.

Ba lokaci ɗaya dukkan furotin ɗin ke warwarewa ba. Wani mai suna obotaransferin shi ne rago a cikinsu, yana sallamawa tun wajen digiri 62 a ma'aunin Salshiyas. Obalbumin yana jurewa har kusan digiri 80. Gwaiduwa tana fara kauri a digiri 65, ta daskare a 70. Idan aka kaɗa fari da gwaiduwa tare, kamar yadda ake yi wa waina, haɗin yana kamawa a wajen digiri 73.

A dubi lambobin nan da kyau. Babu ko ɗaya da ya kai digiri 100, inda ruwa ke tafasa, balle digiri 180 da mai ke kaiwa idan ana suyar ƙosai. Ma'ana, ƙwai ba ya bukatar wuta mai yawa. Idan aka ci gaba da ba shi wuta bayan ragar ta kama, zaruruwan sai su ƙara matse juna, su tatse ruwan da ke tsakaninsu kamar yadda ake matse soso. Sakamakon shi ne waina mai tauri kamar roba, wadda kuma ke zubar da ruwa a faranti. Wuta mai yawa kuma tana sa farar wutar da ke cikin furotin ɗin farin ƙwai ta fito a matsayin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai; idan ta haɗu da sinadarin ƙarfe na gwaiduwa sai a sami launin kore-kore da ake gani a ƙwan da aka dafa fiye da kima. Ba ya cutarwa, amma shaida ce ta cewa mai girki ya yi nisa da murhu.

An daɗe ana koyar da cewa wannan sauyi ba ya komawa baya, kuma a ɗakin girki haka abin yake. Sai dai a shekarar 2015 wasu masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka da Jami'ar Flinders ta Ostareliya sun narkar da dafaffen farin ƙwai da sinadarin yuriya, suka juya shi a wata na'ura mai tsananin gudu, har ɗaya daga cikin furotin ɗinsa, wato laisozaim, ya koma naɗinsa na asali ya ci gaba da aiki. Ba don su mayar da ƙwai ga kaza suka yi ba. Masu haɗa magunguna suna asarar furotin mai tsada idan ya cukurkuɗe, dabarar kwance shi suke nema.

Cuku: raga ta biyu

Madara ma ruwa ce mai ɗauke da furotin, amma nata iri dabam ne. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin madarar saniya shi ne kesin. Kesin ba ya tsoron zafi. A tafasa madara sau uku ba za ta daskare kamar ƙwai ba. Yana zaune ne a ƙananan dunƙule-dunƙule waɗanda sinadarin kalsiyam ya ɗaure, kowane dunƙule kuma yana da wasu 'yan gashi a bayansa masu hana shi mannewa da ɗan'uwansa. Duk mai son yin cuku dole ya yi maganin gashin nan.

Hanya ɗaya ita ce tsami. Ƙwayoyin bakteriya suna cin sukarin madara su mayar da shi asid, asid ɗin ya kwantar da gashin, madara ta yi barci. Kindirmo ke nan. Hanya ta biyu ita ce aski: a kawo wani furotin mai aikin almakashi, irin wanda ake kira enzaim, ya yanke gashin. A ƙasashen Turai daga tumbin ɗan maraƙi ake samo wannan enzaim. Buzaye da Fulanin Nijar ma daga tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya mai shan nono suke samo nasu, su yi cukun nan mai faɗi, siriri, da ake shanyawa ya bushe ƙayau, wanda ake ci da shayi ko a daka a zuba a fura.

Matan Fulani na jihohin Kwara da Oyo, da na arewacin Binin da Gana, sun bi wata hanya. Tumfafiya suke amfani da ita, wannan tsiro da ke fitowa a kowane kufai, wanda ko awaki ba su cika kula shi ba. Ana daddaka ganye da karanta, a jiƙa a ɗan madara, a tace, a zuba a tukunyar madara mai ɗumi a kan wuta. Farin ruwan tumfafiya yana da enzaim masu yanka furotin, kuma suna aiki sosai a zafin da zai lalata na tumbin maraƙi. Madara ta tsinke, a ci gaba da dafawa, a kwashe a ɗan kwando ruwan ya tsiyaye. Wannan shi ne wara a bakin Yarabawa, wagashi a Binin da Gana, inda sau da yawa ake rina bayansa ja da karan dafi. Kimanin lita 5 na madara ke ba da kilo ɗaya. Daga sunan nan ne muka sami awara, wadda ake yi da waken suya ta hanya mai kama da wannan, sai dai da ruwan tsami ake tsinka ta.

Gargaɗi ga ɗalibai: ruwan tumfafiya yana da dafi. Yana ɗauke da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya dusashe gani na kwanaki. Masu sana'ar sun san gwargwadon da suke sakawa, sun kuma gaji sanin ne. Kada wani ya ce zai gwada a gida don ya karanta a mujalla. A sayi wara a kasuwa.

Wane cuku za a sa a waina? Ya danganta da abin da ake so. Cukun Turai irin Ceda, da ake samu a manyan kantuna, yana narkewa ya yi yauƙi a wajen digiri 65, domin tsami ya rage masa kalsiyam, kuma a watannin da ya yi a ajiye enzaim sun gutsuttsura ragarsa. Wara ba ya narkewa. Sabo ne, ba shi da tsami, kalsiyam ɗinsa yana nan daram yana riƙe da raga, sa'an nan an riga an tafasa shi. Ko a mai aka jefa shi sai dai ya yi ja. A ganina wara ya fi dacewa da wainarmu, ba don araha kaɗai ba: haƙori yana samun abin taunawa a tsakiyar laushin ƙwai. Wanda bai samu ba ya sa awara, darasin bai canja ba.

Attaruhu: yadda ake ruɗin harshe

A sassa biyu na baya furotin yana cikin kasko. A nan kuwa yana jikin mai ci.

Duk da yadda barkono ya zauna a girkinmu har muke ganin da shi aka halicci miya, baƙo ne. Asalinsa nahiyar Amurka ne, kuma bai ƙetaro teku ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Jiragen Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Indiya. Kafin zuwansa, yajin da aka sani a ƙasar Hausa shi ne irin su citta da masoro da kimba.

Sinadarin da ke sa barkono zafi sunansa kafsaisin. Mutane da yawa sun ɗauka a cikin 'ya'yan yake, amma tsiron yana ƙera shi ne a farin totuwar nan ta ciki wadda 'ya'yan ke maƙale a jikinta. Mai son ƙamshin attaruhu ba tare da azabarsa ba, totuwar zai kankare. A shekarar 1912 wani masanin haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin yaji: a riƙa sirka ruwan barkono da ruwan sukari har sai masu ɗanɗanawa sun daina jin zafi. A wannan ma'auni koren tattasan nan mai zaƙi sifili ne, dangin attaruhu suna tsakanin 100,000 da 350,000, tsantsar kafsaisin kuwa miliyan 16.

Yaji ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko ɗaci. A bakin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga harshe da fata zuwa ƙwaƙwalwa akwai wani furotin da ke aiki kamar ƙofa, ana kiransa TRPV1. Aikinsa na asali gadi ne: idan zafi ya haura digiri 43, inda nama ke fara shiga haɗari, sai siffarsa ta sauya, ƙofa ta buɗe, saƙo ya tafi cewa ana ƙonewa. Kafsaisin yana shiga wani lungu a jikin wannan furotin ya buɗe ƙofar ba tare da wani zafi ba. Ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar bambancewa, saboda haka sai ta ɗauki matakin kashe gobara: gumi, hawaye, majina. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko shi da abokan aikinsa ne suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Ardem Patapoutian. Abin sha'awa a nan shi ne Bahaushe ya riga ya kira abubuwan biyu da suna ɗaya. Mukan ce shayi ya yi zafi, mu ce barkono ya yi zafi, ashe ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa.

Tsuntsaye ma suna da wannan ƙofa, amma tasu kafsaisin ba ya buɗe ta. Shi ya sa kaza ke tsattsagar barkonon da aka shanya hankalinta kwance. Akwai riba ga tsiron a nan: ɓera yana tauna iri ya lalata shi, tsuntsu kuwa haɗiyewa yake yi ya kai shi nesa ya kasayar.

Kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Abubuwa biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, idan aka fara soya attaruhu a mai, yajin zai bi man ya game wainar baki ɗaya, maimakon a ci loma uku lami a ci ta huɗu a tashi tsaye. Na biyu, wanda yaji ya kama, ruwa ba zai cece shi ba, sai dai sanyinsa ya ɗan lafar da abin na daƙiƙa kaɗan. Madara ko nono ya kamata ya nema. Gwaji ya nuna ko madarar da aka cire wa mai tana rage raɗaɗin, abin da ke nuna cewa furotin ɗinta ma yana kama kafsaisin ya janye shi daga harshe. Cukun da ke cikin wainarmu, da man gwaiduwa, suna yin wannan aiki tun a cikin loma.

A kasko

Kayan haɗi na mutum biyu: ƙwai 3, rabin albasa, attaruhu 1, wara kamar girman gidan ashana biyu, man gyaɗa cokali 2, gishiri kaɗan.

A fara gwada ƙwan a kwanon ruwa. Sabo yana kwanciya a ƙasa. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi, kullum ruwa yana fita iska tana shiga, don haka wanda ya taso sama ya daɗe ƙwarai, musamman a zafin bazara. A fasa kowanne a kofi dabam kafin a haɗa, kada ɗaya ya ɓata saura.

A zuba gishiri a kaɗa har fari da gwaiduwa su zama launi ɗaya, a ajiye minti 10. Wasu na cewa gishiri yana sa ƙwai tauri, amma ba haka ba ne. Gishiri yana rage cajin da ke sa curin furotin tunkuɗe juna, sai su haɗu da wuri tun ba su gama warwarewa ba, ragar ta fito sako-sako, wato da laushi.

A yanka wara ƙanana a soya shi a mai har ya yi ja, a kwashe. Jan nan da ƙamshinsa sun fito ne daga haɗuwar amino asid da sukari a zafin da ya haura digiri 140, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, shekarar da Scoville ya fito da ma'auninsa. Shi ne sirrin ƙamshin tsire da ɓawon burodi. Wannan ne dalilin soya wara shi kaɗai: zafin da yake bukata ya ninka wanda ƙwai ke bukata. Sai a soya albasa da attaruhu har su yi laushi su fitar da ruwansu. A buɗe taga, domin tururin yana ɗauke da kafsaisin, maƙogwaro kuma yana da ƙofofin nan. Mai son tumatir ya cire ruwan cikinsa ya soya shi a nan, in ba haka ba zai jiƙa wainar.

Yanzu a rage wuta sosai. Idan gawayi ne a janye garwashi. A juye ƙwan, a riƙa jan gefen da ya kama zuwa tsakiya ana karkata kasko ɗanyen ya gangara. Idan saman ya kusa kamawa a barbaɗa wara a rabi ɗaya, a naɗe ɗaya rabin a kai, a rufe na minti ɗaya, a sauke. Zafin da ke jikinta zai ci gaba da aiki a faranti.

Kada dai neman laushi ya sa a bar tsakiya da ruwa. Ƙwayar cutar salmonela, mai haddasa zawo da zazzaɓi, tana iya kasancewa a bayan ɓawo, wani lokaci har a cikin ƙwan tun kafin kaza ta saka shi. Tana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 71, kuma mun ga cewa kaɗaɗɗen ƙwai yana kamawa a 73. Saboda haka wainar da ta kama ko'ina ta isa. Wadda ke malala ba ta isa ba, musamman ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi. Samarin da ke kwankwaɗar ɗanyen ƙwai da madara don neman ƙarfi su ma su saurara. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Beljiyam, aka buga a 1998, ya nuna cewa hanji yana tsotse kimanin kashi 91 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, amma kashi 51 kacal na ɗanye. Dalilin a fili yake: enzaim ɗin cikinmu sun fi samun wurin yanka a zaren da ya warware. Ɗanyen farin ƙwai kuma yana da wani furotin mai suna abidin, wanda ke kama bitamin ɗin da ake kira bayotin ya hana jiki amfani da shi. Wuta tana warware shi ya saki.

Ga malamin da ke son kai wannan aji, ƙwai biyu da risho sun wadatar. A raba farin ƙwai a ƙananan kwalabe uku. Ta farko a tsoma ta a ruwan da ake ɗumamawa a hankali, in akwai ma'aunin zafi ɗalibai su rubuta inda farin ya fara bayyana. Ta biyu a matsa mata lemun tsami, ta uku a ɗiga mata sifirit irin na asibiti, nesa da wutar. Duka ukun za su yi fari su guntse, biyu daga ciki ba tare da sun ga wuta ba. Sai a tambayi ajin abin da zafi da tsami da sifirit suka yi tarayya a kai, a kuma tambaye su dalilin da ya sa ma'aikaciyar jinya ke goge fata da sifirit kafin ta yi allura.